Faifan Band Aid na 1984: waƙar da ta ciyar da mayunwata, da hoton Afirka da ta bari

 Yau zan koma da mu shekara ta 1984, wadda manyanmu a Maraɗi, Damagaram da Tawa ke tunawa da sunan El Buhari, amma ta wata ƙofa da ba mu saba bi ba, ƙofar kantunan sayar da faifan waƙa na ƙasar Ingila. A ƙarshen wannan shekara aka fitar da wata waƙa a Landan wadda cinikinta ya wuce na duk wata waƙa da aka taɓa sayarwa a ƙasar. Kuɗinta sun tafi sayen cimaka ga mayunwatan Afirka, kalmominta kuma sun zauna a zukatan miliyoyin Turawa har suka zame musu abin da suka sani game da nahiyarmu. Sunanta Do They Know It's Christmas?, wato tambaya ake yi, ko mutanen can sun san lokacin Kirsimeti ya yi. Ina ganin ya dace malami ya san tarihinta, domin yaran da ke gabanmu suna girma cikin duniyar da wannan faifai ya taimaka wajen tsara yadda take kallonsu.

Mafarin labarin rahoton talabijin ne. Ranar 23 ga Oktoba 1984 gidan BBC ya nuna hotunan sansanin mayunwata na Korem, a arewacin Habasha. Ɗan jaridar Michael Buerk ne ya yi bayani, wanda ya riƙe kamara kuwa ɗan Kenya ne, Mohamed Amin, sunan da sau da yawa ake mantawa idan ana ba da wannan labari. An ga dubban mutane kwance a fili cikin sanyin asuba, an ga iyaye ɗauke da gawar ƴaƴansu. Ɗaruruwan gidajen talabijin na duniya suka ɗauki rahoton suka sake nunawa. Cikin waɗanda suka kalla akwai Bob Geldof, mawaƙi ɗan ƙasar Ailan, jagoran ƙungiyar Boomtown Rats, wadda a lokacin kasuwarta ta fara ja baya. Ya nemi abokinsa Midge Ure na ƙungiyar Ultravox, suka tsara waƙa cikin gaggawa, Geldof kuma ya shiga buga wa manyan mawaƙan ƙasar waya ɗaya bayan ɗaya, yana roƙonsu su zo su yi aiki kyauta.

Ranar Lahadi 25 ga Nuwamba suka hallara a ɗakin ɗaukar sauti na Sarm West, wanda mai shi Trevor Horn ya ba su aronsa na kwana ɗaya tak. Mawaƙa kusan 40 suka zo. Akwai Bono na U2, da Sting, da George Michael na Wham!, da Simon Le Bon na Duran Duran, da Paul Young wanda muryarsa ce ta buɗe waƙar. Phil Collins ya kaɗa ganguna. Boy George yana New York a ranar, sai da Geldof ya tashe shi daga barci ta waya, ya hau jirgin Concorde ya iso da yamma. Suka raɗa wa tawagar suna Band Aid. Baƙaƙen fata ƴan kaɗan ne a cikinsu, irin su mawaƙan Kool & the Gang na Amurka, ɗan Afirka kuwa babu ko ɗaya.

Kafin mu ga abin da faifan ya yi a kasuwa, ya kamata a fahimci yadda ake auna nasarar waƙa a can. Kowane mako ana fitar da jerin waƙoƙin da suka fi ciniki, kamar yadda muke jera ƴan aji daga na ɗaya zuwa na ƙarshe bayan jarrabawa. A Ingila ta lokacin kamfanin Gallup ne ke tattara alƙaluman daga wasu zaɓaɓɓun kantuna, rediyon BBC ya sanar da sakamakon, talabijin kuma ya nuna mawaƙan a shirin Top of the Pops. Faifan da aka saya kawai ake ƙirgawa. Hawa lamba ɗaya kuwa wata talla ce da kuɗi ba sa saye, domin kowane gidan rediyo zai ƙara sa waƙar, kowane kanti zai ajiye ta a bakin ƙofa. Makon Kirsimeti shi ne kakar wannan kasuwa, lokacin da mutane ke saya wa juna kyauta, shi ya sa Geldof ya matsa a gama komai cikin ƴan kwanaki.

A makon farko na Disamba faifan ya shiga kantuna. Tashar Radio 1 ta BBC ta riƙa sa shi kowace awa, alhali waƙar da ake yayi takan samu sau bakwai ko takwas ne a wuni. A mako guda aka sayar da faifai miliyan ɗaya, ya shiga jerin kai tsaye a lamba ɗaya, ya ture waƙar The Power of Love ta ƙungiyar Frankie Goes to Hollywood, ya zauna a nan mako 5. Kafin shekara ta ƙare ciniki ya haura miliyan 3. Da haka ya karɓe kambun da waƙar Mull of Kintyre ta Paul McCartney da ƙungiyarsa Wings ta riƙe bayan fitowarta a 1977, kuma babu wanda ya ƙwace shi sai a 1997, lokacin da Elton John ya fitar da waƙar ta'aziyyar Gimbiya Diana. An ga mutane suna sayen faifai da yawa a lokaci guda, su raba, ko su mayar wa mai kanti ya sake sayarwa, domin a wurinsu sadaka suke bayarwa. Waƙar Last Christmas ta Wham!, wadda a kowace shekara daban da ita ce za ta zo ta ɗaya, ta maƙale a lamba biyu, su ma suka ba da kuɗinta ga asusun yunwar. Sai a Janairu 2021 ta samu hawa lamba ɗaya, bayan shekara 36.

Faifan ya zo na ɗaya a ƙasashe fiye da goma. A Amurka kuwa, duk da cinikin da ya yi, ya tsaya a lamba 13 a jerin mujallar Billboard, saboda a can ana haɗa ciniki da yawan sawa a rediyo, gidajen rediyonsu kuma ba su rungume shi sosai ba. Wannan kaɗai ya isa darasi: lamba ɗaya ta dogara ne da abin da mai awo ya zaɓi ya ƙirga.

Geldof ya sa ran tara fam dubu 70. Cikin shekara guda an tara fam miliyan 8. Har da gwamnati sai da aka kai ruwa rana, domin gwamnatin Margaret Thatcher da farko ta ƙi yafe harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa a kan kowane faifai. Da surutun jama'a ya yi yawa, sai ta yarda ta mayar wa asusun daidai abin da ta karɓa.

Abin da ya biyo baya ya fi faifan kansa girma. A Amurka, Harry Belafonte ya ga bai dace a ce Turawan Ingila sun tashi don Afirka baƙaƙen Amurka na zaune ba. Michael Jackson da Lionel Richie suka rubuta We Are the World, Quincy Jones ya jagoranci ɗaukarta ranar 28 ga Janairu 1985, ta fito ranar 7 ga Maris, ta yi mako 4 a saman jerin Billboard, ta tara fiye da dalar Amurka miliyan 60. A Faransa, Renaud ya tara mawaƙa da sunan Chanteurs sans frontières, waƙarsu ta hau saman Top 50. A birnin Paris ɗin dai, Manu Dibango ɗan Kamaru ya haɗa mawaƙan Afirka, cikinsu har da Salif Keita da Mory Kanté, suka yi Tam-Tam pour l'Éthiopie, wadda ba ta samu ko kusa da tallar da sauran suka samu ba. Sannan ranar 13 ga Yuli 1985 aka yi gagarumin wasan Live Aid a filin Wembley na Landan da filin JFK na Filadelfiya lokaci guda, aka ƙiyasta masu kallo a talabijin sun haura biliyan ɗaya. Kuɗin asusun Band Aid sun sayi hatsi da magani da manyan motocin jigila, akasari don Habasha da Sudan, wani kaso kuma ya iso ƙasashen Sahel, har da Nijar. Akwai mutane da yawa da ke raye yau saboda wannan cimaka, kuma duk mai adalci dole ya fara da faɗin haka.

To amma akwai abin da waƙar ta faɗa da abin da ta yi shiru a kai, kuma nan ne aikin malamin tarihi yake. Hoton da ta zana shi ne na nahiya guda busasshiya daga wannan gefe zuwa wancan, babu damina, babu amfanin gona, sai hawaye. Alhali daga tafkin Tana na Habasha Shuɗin Nilu ya taso, kuma mafi yawan ruwan da ke isa Masar daga tsaunukan Habasha yake gangarowa. Tambayar da ke cikin sunan waƙar ma abin mamaki ce. Sarki Ezana na Aksum ya karɓi addinin Kirista tun ƙarni na huɗu, fiye da shekara 200 kafin sarakunan Ingilishi su fara karɓarsa, kuma Kiristocin Habasha na yin Kirsimetinsu, wanda suke kira Genna, ranar 7 ga Janairu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar kuma Musulmi ne, a ƙasar da ta karɓi sahabbai a hijirar farko zamanin Najjashi. Waɗanda suka rubuta waƙar ba su tambayi ɗan Habasha ko ɗaya ba.

Shirun da ya fi wannan nauyi shi ne na dalilin yunwar. Fari ya auku, babu musu. Amma ƙasar tana hannun mulkin soja na Derg ƙarƙashin Mengistu Haile Mariam, wanda ke yaƙi da ƴan tawayen Tigray da Eritiriya, a yankunan da yunwar ta fi tsanani. Sojoji sun ƙona gonaki, jiragen yaƙi sun kai hari kan kasuwanni, an taƙura fataucin hatsi tsakanin yankuna, an tilasta wa manoma sayar wa hukuma wani kaso na amfaninsu a farashi mai rahusa. A Satumba 1984, mutane na mutuwa a arewa, gwamnati na shagalin cika shekara goma da juyin juya hali a Addis Ababa. Daga baya aka kwashe mutane kusan dubu 600 zuwa kudu da yammacin ƙasar, da yawa ba da son ransu ba, dubbai suka mutu a hanya da sansanonin. Da ƙungiyar likitoci ta Médecins sans frontières ta Faransa ta fito ta faɗi haka, aka kore ta daga ƙasar a Disamba 1985. Ƙiyasin waɗanda yunwar ta kashe ya kama daga dubu 400 zuwa miliyan ɗaya. Tun 1981 masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna a littafinsa kan talauci da yunwa cewa mutane kan mutu da yunwa ko da akwai hatsi a kasuwa, idan ba su da abin saye ko an toshe musu hanyar samu. Mai sayen faifai a Landan bai ji ko kalma ɗaya daga wannan ba. An gaya masa sama ce ta hana ruwa, shi ke nan.

An kuma yi zargin cewa wasu kuɗin agaji sun faɗa hannun ƴan tawaye sun sayi makamai. Wani shirin BBC na 2010 ya sa mutane suka ɗauka har da kuɗin Band Aid, amma a Nuwamban wannan shekara BBC ta nemi gafarar asusun, ta ce ba ta da hujja a kan haka. Na kawo wannan ne don kada mu ɗora wa mutane laifin da bai tabbata ba.

Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan darasi. Daminar 1984 ta lalace a Nijar, dabbobi suka mutu da yawa, kogin Isa kansa ya tsaya da gudu a Yamai a watan Yuni 1985. Amma ku dubi sunan da talakawa suka raɗa wa shekarar. Sun kira ta El Buhari, saboda Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Najeriya a Afrilu 1984, ba a buɗe ba sai Maris 1986 zamanin Babangida. Hanyar da hatsi ke shigowa, da hanyar da ƴan ci-rani ke bi su samo abin rufin asiri, duka suka toshe lokaci guda. Manomin da bai taɓa shiga lakwal ba ya gane abin da Sen ya rubuta littafi a kansa, ya kuma adana shi a cikin suna guda. Ni ina ƙarami a lokacin, abin da na riƙe shi ne jar dawar taimako da dogon layin mata da kwanoni, amma duk dattijon da na tambaya daga baya, da zancen iyaka yake farawa kafin ya zo kan ruwan sama. Shekara goma kafin nan ma, a 1974, yunwa ta taimaka wajen kifar da gwamnati biyu: ta Diori Hamani a Afrilu, ta Sarki Haile Selassie a Satumba. Duk inda aka yi yunwa, akwai tambayar da ake yi wa magabata.

Akwai kuma abin da babu kamarar da ta ɗauka, wato abin da mutane suka yi wa kansu. A Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani a fadamu da bakin tafkuna, sana'ar da har yau take ciyar da gidaje. A Keita, cikin jihar Tawa, aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 ya tsayu ne a kan guiwar mata masu ɗaukar duwatsu. A karkarar Maraɗi, manoma suka fara barin kututtukan itatuwa su sake tohowa a gonakinsu, dabarar da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya taimaka wajen yaɗawa, wadda daga baya aka ƙiyasta ta maido da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Babu faifan da ya hau lamba ɗaya da wannan labari, domin itace mai tsiro a hankali ba ya sa mai kallo kuka.

Waƙar ba ta mutu da 1984 ba. An sake rera ta a 1989, da 2004 don Darfur, da 2014 don cutar Ebola, kuma kowane karo sai ta zo ta ɗaya a Ingila. Amma murya ta fara tashi daga wannan ɓangare. A 2005 aka soki wasan Live 8 kan ƙarancin mawaƙan Afirka, a watan Yulin da hotunan yaran Maraɗi masu tamowa suka cika talabijin na duniya. A 2014 Fuse ODG, mawaƙi ɗan asalin Gana da ke Ingila, ya ƙi shiga, ya ce irin wannan hoto na korar masu zuba jari da masu yawon buɗe ido, asarar da ta fi sadakar da ake tarawa. A wannan shekarar dai Tiken Jah Fakoly, Amadou da Mariam, Salif Keita, Oumou Sangaré da wasu suka yi Africa Stop Ebola, da Faransanci da harsunan yankin, suna gaya wa mutane su yarda da likitoci, su kiyaye taɓa gawa. Ita wannan da masu ciwon take magana kai tsaye, waccan kuwa labarinsu take ba wasu. Da aka fitar da sabon haɗi a 2024 don cika shekara 40, Ed Sheeran ya ce da an nemi izininsa da bai bari a sa muryarsa ba, kuma wannan sabon haɗin ya kasa kai wa lamba ɗaya. Geldof ya kare ta da cewa asusun ya tara fiye da fam miliyan 140, kuma har yanzu yana ciyar da yara. Shi ma gaskiya ya faɗa.

Ra'ayina shi ne mu koyar da ɓangarorin biyu tare. Wanda ya ba ka tuwo ranar da rumbu ya ƙare ya cancanci godiya, kuma yaron da aka koya wa raina alheri an cuce shi. Sai dai godiya ba ta hana ka gyara wa mai kyauta idan ya ba da labarinka ba daidai ba. Abin da nake tsoro shi ne wanda nake gani a aji: ka ce yara su kwatanta Afirka, su fara da yunwa da yaƙi, da kalmomin da suka tsinta a salula, kamar ba a cikinta suka karya kumallo ba. Yaron da ya yarda cewa ƙasarsa wurin jiran taimako ce zai girma yana jira, ko ya kama hanyar Agadas.

Ga abokan aikina malamai, wannan tarihi darasi ne da ba ya bukatar kayan aiki. A sa yara su nemo tafkin Tana da Korem a taswira. A ba su alƙaluman cinikin, miliyan ɗaya a mako, fam dubu 70 da aka sa rai da miliyan 8 da aka samu, su yi lissafin ninkin. A tambaye su wa ya riƙe kamara, wa aka ba damar magana, wa aka nuna bai ce uffan ba, sannan su gwada tambayoyin nan a kan bidiyon da ke yawo a WhatsApp a wannan mako. Ga iyaye kuma, waɗanda suka ga El Buhari da idonsu suna nan cikin gidajenmu, amma suna raguwa kowace shekara. Ku zaunar da yara gaban kakanninsu, a ɗauki muryar a salula: nawa tiyar hatsi ta kai, me aka ci, wa ya tafi, wa ya dawo, wane maƙwabci ya raba ɗan abin da ya rage masa. Turawan Ingila sun adana nasu ɓangaren labarin a faifai fiye da miliyan 3, namu kuwa har yanzu yana bakin tsofaffi. Allah ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan shekara, ya ba mu damina mai albarka.